Tambayoyin Masu Karatu: Ina da ADHD, kuma na raina kaina

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 34, kuma bara ne likita ya tabbatar mini ina da ADHD. Tun ina ƙarama ake kirana malalaciya, mai shiririta. Yanzu na san sunan abin, amma har gobe ina ganin ban kai kowa ba. Ko aiki aka ba ni a ofis, tun kafin in fara nake ji kamar na riga na ɓata shi. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. ADHD larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe hankali, lura da lokaci da tsara aiki, kuma gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta: binciken da aka yi a kan tagwaye ya kai shi kimanin kashi 74 cikin 100. Littafin DSM-5 na 2013, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi, ya ce dole alamun su kasance sun fara kafin shekara 12. Kin ga ke nan kin haura shekara 20 ana miki faɗa a kan abin da ba a san sunansa ba. Raina kan da kike fama da shi tabon wannan faɗan ne, shi ya sa jin sunan larurar kaɗai bai goge shi ba.

Kada ki ɓata lokaci a gaban madubi kina cewa "ni gwana ce". Wani bincike da Joanne Wood ta jagoranta a Jami'ar Waterloo da ke Kanada a 2009 ya nuna cewa masu raina kansu sun ƙara jin ba daɗi bayan maimaita irin waɗannan kalmomi, domin zuciya tana ƙaryata abin da ba ta ga shaidarsa ba. Shaida za ki tara mata.

Kowace safiya ki rubuta ayyuka uku kacal, kowanne da matakinsa na farko. "Rahoton wata" ya yi faɗi, ba ki san ta inda za ki kama shi ba. Ki rubuta "buɗe fayil, rubuta kanun labari huɗu". Ki sa agogo na minti 25, ki huta minti 5, wayar kuma tana wani ɗaki. Da dare ki rubuta abin da kika gama, komai ƙanƙantarsa, a littafi guda ɗaya da ke ajiye inda idonki ke faɗawa. Wannan littafin ne za ki buɗe ranar da zuciya ta ce ba ki taɓa gama komai ba.

Inda tsarin ke yawan rushewa shi ne kwanakin farko. Ɗoki ya ɗebi mutum, ya jera ayyuka 15, ya yi huɗu, sauran 11 su zama sabuwar hujjar zagin kai. Sai kuma tsallake kwana biyu, a ce ai an sake faɗuwa, a jefar da littafin. Tsallakewa na cikin larurar, kuma za ta faru. Ki ci gaba daga shafin yau, ba tare da ramuwa ba.

Akwai kuma matsalar kintacen lokaci, wadda ke jawo makara da saɓa alkawari. Na mako guda ki riƙa rubuta mintin da kike zato aiki zai ci, da wanda ya ci a zahiri. Idan kika ga abin minti 20 yana cin 45, daga nan da 45 za ki riƙa yin alkawari.

Idan kuskure ya faru, ki faɗe shi yadda ya auku. "Na manta taro domin ban sa ƙararrawa ba" magana ce mai gyara: ƙararrawa biyu, ɗaya saura awa ɗaya, ɗaya saura minti 10. "Ba ni da amfani" kuwa ba ta nuna miki abin da za ki gyara. Wannan sauyin shi ne ginshiƙin maganin tattaunawa da ake kira CBT, kuma muna ba ki shawara ki nemi ƙwararren da ya saba da manya masu ADHD.

Magani kamar methylphenidate yana taimaka wa hankali ya tsaya, amma yana iya rage cin abinci, hana barci ko ɗaga bugun zuciya da hawan jini, don haka likita ne zai tsara shi ya riƙa bibiya. Wani maganin kuma, atomoxetine, kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada a yanke ƙauna a makon farko.

Ciwon damuwa kan haɗu da ADHD sosai. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya zauna miki kusan kullum har mako biyu, ki koma wurin likitanki. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki gaya wa wani na kusa, ki je asibiti a ranar.