Kafin Alƙalamin da Na Ba Lauya, Na Wane Ne?

Tambaya: Na ba lauya kafin alƙalami tun ba a shiga kotu ba. Kuɗin sun zama nasa ke nan? Ruwan da banki ke ɗorawa fa?

Amsa: 'Yar'uwa, a ƙasashe da yawa kuɗin naki ne har sai ya yi aikin. Asusun amana zai zuba su, ba na ofishinsa ba, ya riƙa cirar ladan abin da ya kammala yana nuna miki lissafi. In kun rabu, ya maido miki ragowar. Amma ki karanta yarjejeniyarku da kyau, a nan ake yawan samun saɓani.

Ruwan kuwa, a Amurka na ƙananan kuɗi tattara shi ake yi a ɗaukar wa talakawa lauya. Jihar Florida ta fara a 1981. Kuɗi masu yawa da za su daɗe, asusu daban ake buɗe musu, ruwan ya zama naki.