Rigakafin korona da gadon kulawa ta musamman: yadda lissafin yake

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A shekarar 2021 kawuna, wanda ke fama da ciwon suga, ya karɓi allurar rigakafin korona, amma duk da haka cutar ta kama shi har ya kwana shida a sashen kulawa ta musamman, sai da dangi suka yi karo-karo aka biya kuɗin. Shin rigakafin yana rage kwanciya a wannan sashe da kuɗin da ake kashewa, ko kuwa faɗa ce kawai? Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa kawu lafiya. Rigakafin yana ragewa ƙwarai, sai dai wanda ke tsaye a bakin gadon ɗan'uwansa ba zai ga ragin ba, domin mutanen da allurar ta kare suna gidajensu, babu mai ƙirga su.

Allurar tana nuna wa garkuwar jiki kamannin ƙwayar cutar tun kafin su haɗu, ta yadda idan ta shigo za a tare ta kafin ta yi wa huhu illa. Mutum yana iya kamuwa bayan ya karɓa, musamman da nau'in Delta da na Omicron da suka yaɗu a 2021, amma cutar ba ta cika tsananta masa ba.

Ga misali na lissafi kawai, don a gane inda ido ke ruɗin mutum. Mu ɗauka akwai dattawa 1,000 a unguwa, 900 sun yi allura, 100 ba su yi ba. Idan cutar ta tsananta ga mutum 1 cikin kowane 100 na waɗanda suka yi, ta kuma tsananta ga 10 cikin 100 na waɗanda ba su yi ba, za a kwantar da 9 daga rukunin farko da 10 daga na biyu. Duk wanda ya leƙa ɗakin zai ce kusan rabinsu masu allura ne, kuma bai yi ƙarya ba, alhali da babu wanda ya yi allurar, gado 100 za a nema maimakon 19. A ƙara da cewa bayan alluran farko sun iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, ma'aikatan lafiya aka fara yi wa, sannan tsofaffi da masu cututtuka irin na kawu, wato waɗanda dama su ne cutar ta fi kayarwa.

Batun kuɗi kuwa, allura ba ta rage farashin kwana ɗaya a wannan sashe. Yawan masu isa ƙofar take ragewa. Abin da ke sa sashen tsada shi ne babu wani abu a cikinsa da ke hutawa. Babbar tukunyar iskar oksijin tana ɗaukar kimanin lita 6,800, kuma majinyacin da ke shaƙar lita 15 a minti ɗaya zai ƙarar da ita cikin sa'o'i bakwai da rabi, wato tukunya uku ko fiye a kwana ɗaya. Wanda aka ɗora a kan na'urar taimaka wa numfashi yana buƙatar ma'aikaciyar jinya da za ta tsaya kansa shi kaɗai dare da rana, ga maganin sa barci, ga gwajin jini akai-akai, wani lokaci har da wankin ƙoda. Ga kuma man janareta, domin na'urar ba ta jiran a kawo wuta. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya ke fitowa daga aljihun majinyaci da danginsa, karo-karon da kuka yi shi ne abin da yawancin gidaje ke yi.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a rasit, kuma a ganina ita ce ta fi nauyi. Gadajen irin wannan sashe ƙalilan ne ko da a manyan asibitocin koyarwa, don haka duk gadon da mai korona ya riƙe mako guda, an hana shi ga mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, ko wanda ya yi hatsari a hanyar Zariya.

Game da kawu, zan so a duba katinsa a ga ko allura ɗaya ya yi ko biyu, da kuma tazarar da ke tsakanin ta ƙarshe da ranar da ya kwanta. Jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin allurar ta kama aiki sosai, kuma ƙarfinta yana raguwa bayan wasu watanni, abin da ya sa ake ba dattawa da masu ciwon suga ta ƙari. Idan bai karɓi ta ƙarin ba, ku tafi da katin ranar da zai koma ganin likitan sugansa.