Tambaya da Amsa: "Ina son karatun nano, Baba ya ce na Turawa ne"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a kimiyyar sinadarai, ina jiran hidimar ƙasa. Burina in zama malamar jami'a mai bincike a fannin nanoteknoloji. Babana ya ce wannan karatun Turawa ne, a nan ba na'ura ba wuta, gara in nemi aikin banki. Me za ka ce? Daga 'yarka a Unguwar Sanusi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Baba bai yi ƙarya ba. Rabin gaskiya ya faɗa, kuma rabin nan ni ma na ɗanɗani ɗacinsa.

Saboda sauran masu karatu: nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashin kai kuwa kaurinsa ya kai nanomita 80,000. A irin wannan ƙanƙanta abu kan sauya hali. Zinariyar da kika sani rawaya, in ƙwayoyinta suka koma kamar nanomita 20 a cikin ruwa, ja take fitowa sai ka ce zoɓo. Sana'ar ke nan: ka gano yadda abu ya sauya, ka auna, ka nemo masa amfani.

A wajen aunawar nan ake yin ta. Lokacin da nake digiri na biyu, buntun shinkafa nake ƙonawa don in fitar da silika, sinadarin da ke cikin yashi, domin tokarsa kusan duk silika ce. Tanderun na bukatar zafi wajen digiri 600 na awanni a jere. Sau uku ana ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, in buɗe in tarar da baƙin gawayi maimakon farar toka. Da na samu ta huɗu, sai na zuba 'yar tokar a kwalbar magani, na naɗe da salatef, na kai tashar Kawo na damƙa wa direba ya kai wani ɗakin gwaji mai madubin lantarki, na'urar ganin abubuwa masu tsananin ƙanƙanta. Wata biyu ina bugun waya ana ce min injin ya lalace. Don haka in Baba ya ce ba wuta, ki sunkuyar da kai ki ce haka ne.

Amma batun "na Turawa ne" ban yarda ba. Omar Yaghi, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ci kyautar Nobel ta sinadarai a 2025, a Amman aka haife shi, ɗan 'yan gudun hijirar Falasɗinu, kuma cikin abin da ya ƙirƙira har da sinadarin da ke tsotso ruwa daga iskar hamada. Andre Geim da Konstantin Novoselov kuma, a Manchesta a 2004, da salatef suka riƙa ɓare irin baƙin da ke cikin fensir har suka samu girafin, shimfiɗar da kaurinta ƙwayar zarra ɗaya ce. Nobel ta biyo baya a 2010. Kada dai labarin salatef ɗin ya ruɗe ki, suna da na'urorin da suka tabbatar da abin da suka ɓaro.

Shawarata guda ce: kada ki bi kalmar nano, ki bi malami. Kafin ki sayi fom ɗin digiri na biyu, ki je ƙafa da ƙafa ki ga wanda zai duba aikinki. Ki tambayi ɗalibansa a bayan idonsa: shekara nawa suka yi? Ina suke kai samfur a auna? Wa ke biya? Malamin da ke da abokin aiki a wani ɗakin gwaji mai rai ya fi miki mai dogon suna a ƙofar ofis. Zariya na nan kusa: Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen injiniyan ƙarafa da kayan ƙira, ga cibiyar binciken makamashi, ga cibiyar fasahar sinadarai a Basawa. A Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, wadda ta ba wannan fanni ƙarfi. Ki kuma zaɓi abin da ke ƙasarmu. Farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina an daɗe ana bincike a kanta a Zariya don haɗa ziyolait, wanda matatun mai ke amfani da shi. Wanda ya zo da ƙasarsa a buhu ba ya jiran dala.

Tsanin aikin kuwa dogo ne: mataimakin malami, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Ba digiri na uku, ba nisa. Ƙarin girma da maƙalun da kika wallafa ake yinsa, shi ya sa 'yan damfara suka buɗe mujallun da za su buga miki komai cikin mako guda in kin biya. Ki guje su, tabonsu ba ya fita. Ki kuma sa yajin aikin malaman jami'a a lissafi, na 2022 wata takwas ya ci. Tallafin karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na waɗanda suka riga suka kama aiki a manyan makarantun gwamnati ne. Ke yanzu tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, za ki sa wa ido.

Albashi bai kai na banki ba, kada ki ɓoye wa Baba wannan. Ki roƙe shi shekara biyu na digiri na biyu, ki ce in ba ki ga haske ba za ki bi maganarsa. In za ki Zariya ganin malamai kuma, ki ce ya raka ki.