Shin NBC na da hurumin cin gidan rediyo tara?

Malam, ka tambaya ko NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, na da ikon cin tashar rediyo ko talabijin tara da kanta. A takarda, eh, ta daɗe tana yi. An kafa ta a 1992, a zamanin Babangida, don ta sa ido kan masu watsa shirye-shirye, kuma a 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A watan Agustan 2022 ta ci Trust TV tarar miliyan 5 saboda shirin da tashar ta yi kan 'yan bindiga.

Amma a watan Mayun 2023 Mai shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ce a'a. Ƙungiyar Media Rights Agenda, mai kare 'yancin kafafen yaɗa labarai, ce ta kai ƙara kan tarar naira 500,000 da aka ɗora wa tashoshi 45 a 2019. Hujjar alƙalin: NBC ba kotu ba ce, ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali ba. Ni dai na ga gaskiyarsa.

Sai dai kada mai tasha ya saki jiki, don har yanzu lasisinsa na hannun hukumar.