Na Biya Kuɗin Mota, An Riƙe Mini Takardu: Mene Ne Hukunci?

Tambaya: Allah gafarta Malam, na sayi mota ta hannu wajen wani dillali a Kawo da ke Kaduna, na biya kuɗi cif a gaban shaidu. Ya ba ni makulli, ya ce takardu suna hannun mai motar a Abuja. Tun daga nan sai gobe sai jibi, yanzu ma ya daina ɗaga wayata. Motar tana gida a lulluɓe da tamfol. Cinikin nan ya inganta? Ina da ikon mayar masa da abarsa?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, ciniki ya ƙullu, amma ba a gama miƙa maka abin da ka saya ba. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, abin da al'ada ta tabbatar daidai yake da sharaɗin da aka furta. A garin nan wa ke sayen mota bai ƙudurta takardunta ba? Takardar mallaka, lasisi da takardar kwastan suna cikin abin da ka biya. Idan babu su, jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, na iya tsare motar, ba ka iya canjin mallaka, in ka tashi sayarwa kuma sai dai a taya a wulaƙance. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura, Annabi (SAW) kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci.

Da akwai cikon kuɗi a kanka, kuka yarda ya riƙe takardun jingina, da yana da hujja. Kai ka biya duka.

Kada dillalin ya fake da mutumin Abuja. A mazhabar Malikiyya, wakilin da ya ƙulla ciniki ana neman kaya a hannunsa, sai in ya fito fili ya barranta tun lokacin cinikin. Ya ci la'ada, to ya bi sawu.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin riƙewar. Takarda ba ta da nauyi, direban Abuja zai kawo ta Kawo a yini guda. Ana jan ƙafa ne galibi idan motar jingina ce a hannun wani, ko ta gado ce ba a raba ba, ko an shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ba a biya kwastan ba, abin da ya ƙara yawa bayan hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a 2017. Mafi muni a ce ta sata ce. Idan mai ita na gaskiya ya bayyana da hujja, shari'a za ta ba shi motarsa, kai kuma ka koma kan wanda ya sayar maka ka nemi kuɗinka.

Saboda haka ka ɗauki shaidunka ku je wajen shugabannin dillalan wurin, a yanka masa wa'adi a rubuce. In ya kawo, ka gwada lambar jikin mota da ta inji da abin da ke takarda, harafi bayan harafi, kafin ka ce na gode. In wa'adi ya wuce, kana da zaɓi: ka warware cinikin ka karɓi kuɗinka cikakke, ko ka kai ƙara gaban alƙali, kamar kotun shari'a ta Magajin Gari, a tilasta shi. In ka ga alamar sata, sanar da 'yan sanda tun kafin su same ta a ƙofar gidanka.

Za a samu mai ce maka ya san wanda zai haɗa maka takardu. Wannan zur ne, bai halatta ba. Haka nan haramun ne ka sayar wa wani kana ɓoye matsalar, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Allah ne mafi sani.