Su wane ne Teddy Boys?

Malam, ka tambaya ko Teddy Boys 'yan daba ne kawai. Ba haka abin yake ba.

Samari ne 'ya'yan talakawa ma'aikata da suka ɓullo a Landan farkon shekarun 1950. Telolin Savile Row, wani titin manyan teloli a Landan, su ne suka dawo da ɗinkin zamanin Sarki Edward na Bakwai don 'ya'yan masu kuɗi, sai waɗannan yaran suka ɗauke shi: doguwar kwat mai wuyan karammiski, matsattsen wando, takalmi mai kaurin tafi, gashi ya sha mai. Daga Edward aka samo "Teddy". Ni abin da ke burge ni shi ne yadda lebura zai tara albashin makonni don kwat ɗaya.

Kada ka ce kiɗan rock and roll ne ya haife su, sun ɓullo tun kafin kiɗan ya isa Ingila. Kada kuma ka haɗa su da Mods, wani rukunin samari 'yan gayu na shekarun 1960. Amma ban wanke su ba: wasunsu sun far wa baƙaƙen fata 'yan Karebiyan a rikicin unguwar Notting Hill ta Landan na 1958.

In aikin makaranta kake yi, nemi malamin tarihi ya taya ka tace jaridun lokacin, domin sun yi ta zuzuta laifinsu.