Amsa ga mai tambayar zuwa Nevern ba tare da mota ba

Malama, kin tambaya ko ana iya ganin wuraren tarihi na ƙauyen Nevern da ke Pembrokeshire, a yankin Wales na Birtaniya, a wuni ɗaya ba tare da motar kai ba, kuma da na karanta sai na tuna wahalar da na sha a wannan hanya. Ana iyawa, amma kada ki dogara da alkawarin kowane mai tasi.

Cikin ƙauyen ba shi da wuya. Bas mai lamba T5 yana bin babban titin A487 tsakanin Cardigan da Fishguard, daga nan a taka zuwa cocin Saint Brynach. A harabarsa akwai gicciyen dutse mai tsawon kusan mita 4, wanda aka sassaƙa a ƙarni na 10 ko na 11 da zane kamar saƙar igiya, sai tsohuwar bishiyar da jan ruwa yake tsatsowa daga jikinta, har mutanen wurin suna cewa jini take zubarwa. Ki shiga ciki ki duba dutsen Maglocunus da aka girka a gindin taga, mai rubutun Latin da na Ogham, wanda tsage-tsage ne kawai a gefen dutsen.

Matsalar tana Pentre Ifan da ke can bayan gari, kabarin duwatsu na wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda murfinsa ya kai kimanin tan 16 a kan duwatsu uku. Wani mai tasi ya kai ni can, ya karɓi kuɗin zuwa da dawowa, ya ce zai komo kafin la'asar. Bai komo ba. Wurin fili ne fetal, babu rumfa, babu shago, ruwa ya sauko da iska, waya kuma ta ƙi kama layi. Da na same shi daga baya, sai ya ce wai ya samu fasinjan da ya fi ni nisa, ko haƙuri bai ba ni ba. Har yau raina yana ɓaci da shi.

Ki tafi da guzurinki da takalmin da ba ya shan ruwa, kada kuma ki je a Disamba, lokacin da rana take faɗuwa wajen ƙarfe 4. Idan ƙafarki da saura, ki hau tudun kufan ganuwar Nevern da Lord Rhys, wani basaraken Wales, ya ƙwace a 1191, inda 'ya'yansa suka tsare shi a 1194. Kuɗin dawowa kuwa, kada ki biya sai kin shiga motar.